Sai-an-Tura a Hannun Baba Jika

Duk wanda ya yi zaman tashar Tanut a shekarun 1990 ya san Baba Jika, ko da kuwa bai taɓa mallakar ko keke ba. Makanisiye ne, amma ba shi da gareji. Abin da yake da shi gindin wata aduwa ce a bayan tasha, da akwatin ƙarfe guda, da tabarma, da butar shayi wadda ba ta sauka daga kan gawayi. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga tas. Baƙo in ya zo aka nuna masa shi sai ya ɗauka ba'a ake yi masa, don makanisiye mai farar riga ai ko dai malalaci ne, ko kuwa ba mai kawo masa aiki.

Mu matasan shoferori a lokacin mun fi yarda da zancen lalacin. Dalili kuwa, in ka kai masa mota ba ya tashi da sauri ya kama kwance-kwance. Sai ya zuba maka shayi, ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi inda kake shan mai, da wanda ya koya maka tuƙi. Wani lokaci ma ya ce ba zai taɓa motar ba sai ya bi ka tafiya guda. Mu kuwa sauri muke yi, fasinja na jira. Shi ya sa muka sa masa suna likitan da ba ya allura, kuma ni da bakina na fi kowa faɗa, Allah ya yafe mini.

Daga baya ne na san inda ya gado wannan hali. Kakansa Mailafiya ne ya rene shi a Falanko, shi ya sa ma sunan Jika ya bi shi har na yanka ya ɓace. Shi Mailafiyan, da ƙuruciyarsa, tun Nasara bai taka ƙasarmu ta Damargu ba, shi ake kira ya duba raƙuma in ayari ya sauka sayen gero kafin ya fuskanci arewa. Dokarsa biyu ce. Ta farko, ba a sanin lafiyar raƙumi yana kan tafiya, sai ya durƙusa an saurari numfashinsa. Ta biyu, in ka gama duba raƙumi, to ka duba mai raƙumin: yadda yake shayar da shi, da yadda yake ɗaura masa kaya. Jika ya tashi raƙuma sun fara ja da baya, sai ya tafi Damagaram ya koyi gyaran manyan motoci, ya bi masu haƙar rijiyoyi shekara da shekaru yana kula musu da injuna. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ya dawo Tanut da akwatinsa, da dokokin kakansa guda biyu.

Ni kuwa sunana Audi, ɗan Gajere shofer. Da mahaifina ya rasu ya bar mana tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita ya ci da mu shekara ashirin, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tanut da Belbeji. Yayana Zakari manomi ne, ba ruwansa da ƙarfe, don haka makulli ya faɗo hannuna. Ba a yi wata biyu da rasuwar ba motar ta tsiro da wani hali. In tana gudu, kai ka ce jiya aka fito da ita daga kamfani. Amma da na ɗage ƙafa daga totur, in tsaya ɗaukar mutum ko in gaisa da jandarma, sai ta yi tari biyu ta mutu. Batir ɗin kuwa tsoho ne, ba ya jure tayarwa sau goma a rana. Sai a sauko a tura, cikin rairayi, da rana tsaka.

Akwai wata dattijuwa mai suna Hajjo, shugabar matan da ke sayen cuku a Belbeji suna kawowa Tanut. Tun zamanin mahaifina motarmu suke shiga. Ita ce ta raɗa wa motar suna Sai-an-Tura, kuma kafin mako ya zagayo har yaran tasha sun haddace. Wata rana bayan ta yi turi na huɗu, ta dafa ƙugu tana haki ta ce, "Audi, ɗan nan, gaya mini gaskiya. Mu ne fasinjanta, ko ita ce fasinjarmu?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba zama na yi ba. Duk wani mai riƙe makullin gyara a Tanut ya taɓa motar nan. Wannan ya ce buji ne, wato fulogi, aka canza. Wancan ya ce wuta ce, aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya murɗa mata ralanti sama, wato ya ƙara mata ƙarfin juyi a tsaye, sai ta riƙa ruri tana shan mai kamar rijiya ta ɓalle, kuma duk da haka ta mutu. Mutum biyu sun kwance karbirato sun wanke, ta yi lafiya kwana biyu, a na uku ta koma gidan jiya. Mutum ɗaya ne ban je wurinsa ba, shi ma don girman kai.

Bayan girbi Yaya Zakari ya zaunar da ni gaban Inna. Ya ce shi bai ga amfanin motar da ke cin abin da ta samo ba. Akwai wani ɗan Damagaram mai sayen tsofaffin motoci yana farfasa su, zai zo Tanut ran kasuwar Belbeji mai zuwa. A sayar, a raba gado, ni kuma in bi samari Libiya neman aiki kamar kowa. Na yi tsalle na dire, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa yaya. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, zan bi ka da kaina. In muka dawo tasha ta tsaya da ranta, na janye. In ta mutu, mai saye na nan tsaye." Inna kuwa sai ta juya tana gyara tsintsiyar da ba ta lalace ba. Matata Balki a lokacin cikinta wata shida. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban taɓa kwana uku a jere ba a gida ba.

Hajjo ce ta ja ni gefe a tasha. Ta ce, "Kai, da tsohuwar zuma ake magani. Ubanka bai taɓa kai motar nan wani wuri ba sai gindin aduwa. Je ka sauke kai."

Na je ana saura kwana ɗaya. Baba Jika ya san duk abin da nake faɗa a kansa, amma bai nuna ba. Ya zuba mini shayi, ya yi mini gaisuwar mahaifina kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ya ce in tayar da ita. Ya buɗe kapo, wato murfin inji, ya ɗora bakin wata 'yar sanda a jikin inji, ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido. Na ɗage ƙafa, ta yi tarinta ta mutu. Ya ce in sake. A karo na biyu, tana shirin mutuwa sai ya rufe rabin bakin karbirato da tafin hannunsa, ta farfaɗo ta ci gaba da juyi. Ya janye hannun, ta mutu.

Ya ce, "Ba ciwo gare ta ba, ɗan Gajere. Yunwa take ji. In tana gudu ta babbar ƙofa take ci. In ta tsaya, ta wata 'yar ƙaramar kafa take sha, kafar kuwa ta toshe."

Na ce, "Ai an wanke, Baba. Sau biyu."

"Ta kuma koma?"

"Ta koma."

"To ruwa ba ya tsami banza. Akwai mai zuba mata abin da ke toshe ta. Gobe ka ajiye mini wurin zama a gaba."

Na roƙe shi ya wanke mini ita a ranar, ko ta kai ni ta dawo da ni lafiya gaban yayana. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya gyaran kwana biyu, kuma in ya wanke ta yau ya goge sawun ɓarawo. Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuci tsohon nan so yake ya rama.

Da sassafe muka kama hanya. Baba Jika a gaba kusa da ni, Yaya Zakari a baya tare da su Hajjo da buhunan gero. Kafin mu yi rabin tafiya ta mutu sau uku. A na ukun Yaya ya tura har takalminsa ya tsinke, ya hau bai dubi inda nake ba. Shi kuwa Baba Jika ko motsi bai yi ba, ido kawai yake bin hannuwana da shi.

A wata rijiya da muka saba yada zango na tsaya ƙara mai. Man da muke sha a lokacin na bido ne, wato na jarka, daga kudu ake kawo shi, ba ya rasa ƙasa da tsatsa, don haka kowane shofer yana tace shi da ƙyalle a bakin mazurari. Mahaifina da farin ƙyalle yake tacewa. Bayan rasuwarsa ƙyallen ya yage, ni kuma na yi wata dabara da ban gaya wa kowa ba. A cikin kayansa da aka ba ni akwai rawanin turkudi, mai sheƙi, shuni har yana kama hannu, wanda wani abokinsa Buzu na wajen Tenhya ya ba shi. Da Salla kawai yake naɗa shi. Na duba na ga saƙarsa ta fi ta kowane ƙyalle matsewa. Bayan haka kuma, in faɗi gaskiya, zuciyata ce ta ce mini in man ya ratsa rawanin Babana, albarkarsa za ta shiga motar. Da ta fara mutuwa sai na ce maraici ne ya kama ta kamar yadda ya kama ni, na riƙa ninka rawanin biyu. Da abin ya ƙaru na ninka huɗu.

Kamar kullum na jira fasinja suka tafi inuwa, na zaro rawanin daga ƙarƙashin kujera, na zagaya bayan mota. Ina cikin tsiyayawa na ji inuwar mutum a kaina. Baba Jika ne. Ya dubi mazurarin, ya dubi yatsuna da suka yi shuɗi, ya dubi fuskata. Sai ya koma ya zauna.

Muka isa Belbeji da hantsi, ta mutu a bakin kasuwa, aka tura ta gefe. Mata suka shige sayen cuku, Yaya Zakari ya tafi neman mai ɗinkin takalmi. Baba Jika ya sa muka gangara da ita bayan kasuwar dabbobi, inda ba idon sani. Ya buɗe akwatinsa, ya kwance wani ɗan ƙarfe ja da bai kai gaɓar yatsa ba, mai huda kamar kafar allura, su makanisai jiklar suke ce masa. Ya kara shi a hannun farar rigarsa, ya hura da ƙarfi. Sai ga ɗigon shuɗi a jikin rigar, kamar an ɗiga tawada. Ya kwance ƙasan karbirato ya juye a farin murfin kwano, ga laka shuɗiya kwance, da 'yan zarurruka sirara.

Ya miƙo mini murfin. Ya ce, "Ka san turkudi, bayan an rina shi, garin shuni ake zubawa a buga masa har ya yi sheƙi. Shi ya sa yake kama goshin Buzu. Abin da ya kama goshi, man mota zai bar shi?"

Wata biyar ina zagin makanisan Tanut, ina zagin masu sayar da mai, har yayana na zaga, ashe ni ne nake shaƙe ta da hannuna kowace safiya. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na zauna a ƙasa, hawaye suka zo mini ban shirya ba. Na ce, "Na Babana ne. Na ɗauka albarkarsa za ta bi ta."

Ya ce, "Na gane shi tun a rijiya. Ina nan ranar da aka ba shi." Sannan ya ce, "Albarkar Gajere ba a cikin tanki take ba, ɗana. Tashi, aiki na jiranmu, rana kuma ba ta jira."

A ranar na ga likitan da ba ya allura yana aiki. Ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya shiga ƙarƙashin mota da shekarunsa sittin da wani abu. Muka sauke tanki, muka juye man, muka ɗauraye har sau uku kafin shuɗin ya daina fita. Ya hure bututun mai daga baya zuwa gaba da famfon taya. Ya wanke kowace kafa ta karbirato, bai zura mata ko waya ba, ya ce waya faɗaɗa kafa take yi. Ya zaro wata 'yar matatar mai daga akwatinsa ya ɗaura a tsakiyar bututu, ya kuma yage farin ƙyalle daga cikin nasa ya ba ni na tacewa. Da muka tayar, ya sa kunne yana murɗa ralanti a hankali, kaɗan gaba, kaɗan baya, har muryarta ta kwanta. Na ɗage ƙafa gaba ɗaya, na ma fito daga motar. Tana ta juyinta ita kaɗai.

Sannan ya ɗauki rawanin ya kakkaɓe, ya shanya shi a kan ƙaya har warin mai ya ragu. Ya ce in durƙusa. Da hannunsa ya naɗa mini shi, irin naɗin mahaifina, ya bar jela a kafaɗar hagu. Ya ce, "Nan ne wurinsa."

Da la'asar sakaliya aka yi lodi. Yaya Zakari ya ga rawanin a kaina, ya daɗe yana kallo. A rijiya na tsaya da gangan. Hajjo ta riga kowa sauka, ta ɗaure zane, ta dafa bayan mota tana jira. Motar na ta numfashi. Ta ɗago ta ce, "Yo, yau ba aiki ke nan?" A shingen jandarma muka ƙara tsayawa, ba ta ko yi tari ba. Amma ni hankalina bai kwanta ba, don alkawarin a tasha yake.

Muka shiga tashar Tanut gab da magariba. Ɗan Damagaram na tsaye da mutanensa, har sun fara zagaya motar da ido tun kafin in taka birki. Na tsaya, na ɗage ƙafa. Baba Jika ya sauka, ya tafi gindin aduwarsa ba gaggawa, ya dawo da ɗan kofin shayi cike. Ya ɗora shi a kan kapo. Duk tasha aka zuba ido ana kallo. Shayin yana ɗan rawa, amma ko ɗigo bai zuba ba. Aka sauke cuku, aka sauke buhuna, aka sauke awaki biyu, inji na juyi.

Yaya Zakari ya matso ya ce, "Baba, mi ya same ta ne duk watannin nan?"

Na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta isa a yi ta ba da labarina a tashar nan har jikokina, kuma bayan sunan da na sa masa, da ya faɗa ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya ce, "Datti ne ɗan kaɗan. An fitar da shi, ba kuma zai dawo ba. Motar na da saura, mai ita ma yana kula da ita, har ya so ya wuce kima."

Yaya ya juya ya ba ɗan Damagaram haƙuri. Sannan ya zo ya gyara mini jelar rawanin da ta zame, ya ce in yi sauri, Inna na jira.

Ban je Libiya ba. Ina gida Balki ta haihu, ni na kai ta likita a cikin Sai-an-Tura, don sunan kam bai taɓa barinta ba. Ina gida Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe, a kan cinyata ta cika. Duk lokacin da na tuna waɗannan biyun sai in tuna tsohon da ya ƙi yi mini gyaran kwana biyu, kuma har gobe ban san da bakin da zan gode masa ba. Sirrin rawanin kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ni ne yau nake fasa shi da kaina.

Da tsufa ya ci ƙarfinsa idanunsa suka tafi, amma bai daina zuwa gindin aduwa ba. Matarsa Raliya kan rako shi da safe ta shimfiɗa masa tabarma. Kowace ranar kasuwar Belbeji, bayan na gama lodi, sai in zagaya ta bayan tasha in tsaya gabansa, in ɗage ƙafa. Ya karkata kai ya saurara. Wata rana ya ce buji na uku ya gaji, wata rana ya ce in duba bel. Yawanci dai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Lafiya lau take. Je ka, ɗan Gajere."

Ya rasu da damina, shekara tara bayan tafiyarmu Belbeji, aka kai shi Falanko kusa da kakansa. Har yanzu ran kasuwa ta bayan tasha nake fita. In na zo gindin aduwar sai in tsaya, in ɗage ƙafa, in bar ta ta yi numfashi kaɗan. Sababbin fasinja sukan yi gunaguni, su ce shofer mi ake jira, ga hanya a buɗe? Hajjo, wadda yanzu a gaba take zama don ƙafa ta ƙi, ita ke ba su amsa.

"Ku yi shiru," takan ce. "Ana sauraren ta."